Rasuwar Ido-Guda, Kyamarar Malam Moutari, a Bakin Kogin Saône

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaici da har yau ya ƙi wucewa, Malam Moutari Hassoumi mai hoto, ɗan Damagaram mazaunin La Guillotière a birnin Lyon, yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki na Lyon da Paris da Bobigny, har da na gida, rasuwar kyamararsa wadda aka fi sani da Ido-Guda. Ta cika ranar wata Asabar da hantsi, cikin watan Mayun 1986, a bakin kogin Saône, tana rataye a wuyan maigidanta, daidai lokacin da bai kamata ta cika ba. An jinkirta wannan sanarwa har zuwa sanyin bana saboda maigidan ya daɗe yana sa ran za ta farfaɗo.

An ƙera marigayiya a Jamus, a shekarar da ba wanda ya tabbatar. Malam Moutari ya gamu da ita a wani shagon gwanjo na La Goutte d'Or, sa'ad da yake baƙo a Paris yana kwana bisa dilolin atamfa a kantin Alhaji Illiassou. Baƙa ce, mai nauyi, jikinta duk ƙarfe. Ba ta da surutu. Maganarta biyu ce: ƙwas idan ta ɗauka, kirrr idan aka murɗa mata fim.

Duk wanda ya zauna gabanta zai shaide ta. Ta san fatar baƙin mutum. Ba ta taɓa mai da fuskar bawan Allah gawayi mai haƙora ba, kamar akwatunan hoton nan na tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ta halarci suna da ɗaurin aure, ta yi wa rabin unguwa hoton takardar zama, ta sa ramammu sun yi kumatu a hotunan da ake aika wa iyaye gida don hankalinsu ya kwanta. Sai dai ita da maigidanta sun san an halicce su don abin da ya fi "ɗaga haɓa, kada ka ƙifta".

Babban aikin rayuwarta ya zo ne ta hannun Mushe Perrachon (Mushe shi ne Malam a bakin Faransawa), wani tsohon kafinta mai ƙera jiragen ruwa a gefen Saône, arewa da gari. Ya shigo shagon Malam Moutari yin hoton fasfo, ya tsaya yana kallon hoton hannuwan wani tela da ke manne a bango. Ya ce wani likitan haƙori ya ba shi aikin jirgin shaƙatawa na katako zalla, irin mai tafiya da iska. Ya ce yanzu roba ake zubawa a tukunya a ce an yi jirgi, shi kuma yana so a ɗauki hoton kowane mataki na wannan, tun daga zane har ya taɓa ruwa, a yi littafi kafin masu sana'ar su ƙare.

Da labari ya kai Paris, Alhaji Illiassou ya yi dariya a waya har da tari. "Moutari, kai da ka tashi garin da ake kwana layin famfo, kai ne za ka yi hoton jirgin ruwa? Ko kwalekwale ka taɓa shiga?"

Bai taɓa shiga ba. Amma Asabar ta zagayo, ya rufe shago, ya rataya marigayiya, ya tafi.

A nan ne ta nuna ko ita wace ce. Ta hau tsani ta ɗauki zanen jirgin da aka shimfiɗa a daɓen ma'aikatar da girmansa na gaskiya, Mushe Perrachon yana rarrafe a kai da fensir a kunne. Tana nan aka kafa ƙashin bayan jirgin. Tana nan ake dafa haƙarƙarinsa a tururi, a fito da su da zafinsu a lanƙwasa da gaggawa kafin su huce, ba ta kuma taɓa cewa tururi ya shiga mata ido ba. Ta kwanta rigingine a ƙarƙashin cikinsa ta ɗauki layin ƙusoshin jan ƙarfe. Ranar da aka sauke jan katakon da za a yi masa jiki, wanda Turawan ke ta yabo suna shafawa, Malam Moutari ya ɗauki ɓarɓashi ya ɗanɗana, ya tofar. Maɗaci ne, ɗan gida. Daga ranar ya daina jin baƙunta a wurin.

Shekara biyu ana haka. Bukukuwan Asabar suka koma hannun wasu masu hoton. Uwargidansa Raliatou takan kakkaɓe masa garin katako daga gashi ta ce, "Malam, jirgin nan dai ba mu za mu shiga ba." Shi kuwa yakan ce ta bari littafi ya fito ta ga sunan mahaifinsa a rubuce.

Ciwon ajali ya soma a hankali. Garin katako da laimar kogi da tiririn man sheƙi suka taru a cikinta. Ƙwas ɗinta ya koma ƙwa…as, kamar mai tunani kafin ya amsa. Maigidanta ya naɗe ta a rawani ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, wurin wani dattijon mai gyara da kowa ke yabo. Dattijon ya buɗe ta, ya hura, ya share, ya nuna wani siririn ƙarfe da bai kai gashin ido ba, ya ce wannan ya gaji, kuma an daina yin irinsa. Ya ce a bar ta ta huta. Alhaji Illiassou ya fito da sabuwa ƴar Japan daga kwali ya ce a riƙe ko da aro ne. Malam Moutari ya yi godiya ya mayar. Ya ce wadda ta ga zane ita za ta ga ruwa. Masu cewa da ya karɓa da ba a yi haka ba, an ji, an gode, su riƙe sauran.

Ranar saka jirgi a ruwa ta tashi garau. Tun kafin ranar maigidanta ya zaɓi inda zai tsaya, ya auna inda rana za ta faɗo. Ta ɗauki jirgin yana lilo a igiyoyin injin ɗaga kaya, jikinsa ja yana ƙyalli. Ta ɗauki matar likita tana fasa masa kwalba a hanci, bisa al'adarsu. Ta ɗauki Mushe Perrachon ya cire hula. Injin ya soma sassautawa, jirgin ya sauko, ya sauko, cikinsa ya sumbaci ruwa. Malam Moutari ya riƙe numfashi ya danna.

Ƙit.

Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Ya sake dannawa, shiru. Ya murɗa, ya girgiza, ya hura mata iska, ya kira ta da sunanta a gaban Turawa. Jama'a na tafi, jirgi ya zauna bisa ruwa kamar can aka haife shi, ita kuwa ta tafi. Ya kutsa ya kamo hannun tsohon, ya roƙe shi a ɗaga jirgin a sake saukewa gobe.

"Moutari," in ji Mushe Perrachon, idonsa jawur, "ba a haihuwar ɗa sau biyu."

Abin da ya ƙara wa makoki zafi shi ne ƙanin matar likita. Wannan bawan Allah, da bai taɓa taka ma'aikatar ba sai ranar, yana tsaye da burodi a hannun hagu, da wata kyamarar roba mai yin komai da kanta a hannun dama. Ya danna bai ko daina tauna ba. Hoton ya fito a karkace, kogi na gangarowa gefe guda, an sare kan dogon turken jirgin, ga inuwar ɗan yatsa a kusurwa. Shi ne kaɗai hoton jirgin yana taɓa ruwa, don haka shi masu buga littafi suka ɗora a bangon littafin, da sunan mai burodi a ƙarƙashi.

Malam Moutari ya ga haka da idonsa a baje kolin jiragen ruwa na Paris, sanye da babbar rigarsa ta Salla, Alhaji Illiassou na gefensa. Ya buɗe littafin. Tun daga zane har haƙarƙari, har ƙusoshi, kowane shafi aikin marigayiya ne. Sunansa yana can shafin ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, an kuma cinye masa harafi ɗaya. Mushe Perrachon ya dafa shi ya ce bango na masu saye ne, cikin littafin na masu sana'a. Alhaji ya juya littafin sama da ƙasa ya ce, "Ai jirgin ya yi kyau." A jirgin ƙasa na komawa Lyon ne maigidan ya yarda cewa Ido-Guda ta rasu.

Ta bar ƙafa-uku da ake ɗora ta a kai, wanda tun ranar yake jingine a lungu ba mai hawa. Ta bar fitila mai walƙiya, da jakar fata da har yanzu ke ƙanshin maɗaci, da murfin ido, da akwatunan hotuna da suka cika ƙarƙashin gado. Ta bar jirgi guda a tekun kudu, wanda aka ce likita kan fita da shi in ya samu hutu. Ta bar Malam Moutari, wanda Mushe Perrachon ya aiko wa saƙo cewa ya soma zanen wani sabon jirgi, bai kuma ba da amsa ba tukuna.

An tuntuɓi Malam Nouhou limamin unguwa game da jana'iza. Ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma shayi ba laifi. Saboda haka ranar Lahadi bayan la'asar za a goge marigayiya, a naɗe ta a farin ƙyalle, a ajiye ta a kantar sama ta shagon maigidanta a La Guillotière, tana fuskantar ƙofa. Raliatou za ta karɓi mata a gida, maza a shago. Na Paris da Bobigny da ba su samu zuwa ba suna iya kiran waya, su taƙaita. Za a ajiye littafin bisa tebur ga mai son gani, a buɗe daga tsakiya, kuma ana roƙon kada kowa ya rufe shi.

Wanda ya zo da kwalliya, ya yi don kansa. Ba za a ɗauki hoto ba. Babu mai ɗauka.