Albasar da na raɗa wa suna

Har gobe ina cewa laifin Inna ne.

Aikina na kammala jami'a shi ne gano ko asid ɗin masana'antu yana lalata ƙwayoyin gado. Ana tsoma gindin albasa a kofuna, kowanne da irin asid ɗinsa, sannan a duba saiwar a madubin likita. Na sayo albasar garin Garou, na tsoma a kofuna, na jera su a ɗakina. Manna musu lamba ya yi mini kama da gidan kaso, sai na raɗa musu suna: Tauraruwa, Raɓa, Hantsi. Ai na san mazaunin kowacce.

Na dawo daga kasuwa na tarar Inna ta share ɗakin, ta sake jera kofunan daga mai babbar albasa zuwa mai ƙarama.

"Inna, wacce ce Raɓa?"

"Ɗiyata, mi kike faɗi? Duk albasa ta!"

Ruwan kofunan duk kala ɗaya ne, asid ɗin da malamina ya ba ni kuwa ya ƙare. Sai da na maimaita shekara.

Inna ba ta ba ni haƙuri ba, baza labarin ta yi a garinmu Malanville. Yanzu in na ratsa layin 'yan albasa, sai wani ya ɗaga ƙatuwa ɗaya: "Malama, an haihu! Yaushe suna?"