Na Shanye Ƙarfen Saude

Ko da tsufa zai kwashe komai daga kaina, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a gidan likita na Magarya, a gaban surukata, na ɗaga murya na yi hamdala a inda ya kamata in yi salati. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san wautar nan tana da asali. Ni mai walda ne a Dungas, ina yin ƙofofi da tagogi da amalanke. Kuma jikan maƙera ne ni, daga Waca. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, yana da wata al'ada: duk jikansa namiji sai ya dama masa maganin ƙarfe a cikin kunu, wai don kada wuƙa ko takobi su ci shi. (Yakan bari sai wanzami ya gama aikinsa tukuna, tsohon ba wawa ba ne.) Na sha nawa ina ɗan shekara bakwai, kuma tun daga ranar nake tafiya ina buɗa kafaɗu. Gaskiya ban taɓa gwadawa ba. Tol ɗin da nake yankawa, wato fallen ƙarfe, shi ma yana yanka ni kusan kowane mako, amma ina da amsa a shirye: maganin na ƙarfen maƙiyi ne, ba na ƙarfen sana'a ba.

Abu na biyu shi ne lakwal, wato makarantar boko. Na yi har aji biyar kafin mushe, malaminmu ke nan, ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Faransancin da na fito da shi bai cika cokali ba, amma a wurin aiki na ƙara kalma ɗaya wadda na riƙe gam: fer. Kullum ina sayensa, fer na takwas, fer na goma. Fer ƙarfe ne. A kan wannan ko da ɗan Faransa sai in ja.

To, matata Saude ta samu cikin fari. Ranar da ta fara zuwa awo ta dawo da ɗan littafinta da wasu ƙwayoyi jajaye, ta ajiye mini a kan tabarma.

"Madam mai awo ta ce na ƙarin jini ne, ɗaya kullum," in ji ta.

Na ɗauka na juya bayan takardar, irin juyawar masu ilimi. Rubutu ne birjik ban gane ko ɗaya ba, sai can a sama na hango tsohon abokina da manyan baƙaƙe. FER.

"Saude, kin san abin da suka ba ki kuwa?"

"Na ƙarin jini mana, Malam."

"Haka suke ce wa mata. Nan fer aka rubuta. Maganin ƙarfe ne."

Ta dube ni. "To me mai ciki za ta yi da maganin ƙarfe?"

"Yawwa! Tambayar da nake yi ke nan."

Ku yi mini adalci a nan, don wallahi so ne ya ja ni. Tunanin da na yi shi ne: cikin fari ne, idan haihuwa ta zo da gardama aka ce sai an yi mata aiki fa? Ga ta kwance, likita ya ɗora wuƙa, wuƙa ta lanƙwashe. Ya ɗauko wata, ita ma ta lanƙwashe. Na hango abin ƙarara har gumi ya keto mini. Na zayyana mata duka, ita ma ta tsorata. Ta turo mini ƙwayoyin ta ce, "Kai ka sani, ai kai ka yi lakwal." Wannan maganar tata ita ce har yau take sukata.

Zubar da magani kuwa ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Na ce na Kaka ya haura shekara ashirin a jikina, ƙila ya fara sanyi, ga na nasara ya zo har gida. Sai na fara haɗiyar ɗaya kowace safiya. Ranar da zan yanka tol, biyu. Saude ta ci gaba da zuwa awo tana karɓo mini, kuma duk sadda madam ta tambaye ta, "Ana shan magani?" sai ta ce, "Ana sha." (Ku duba da kyau, matata ba ta taɓa yin ƙarya ba.)

Ba a jima ba cikina ya ɗaure tamau, in na zaga kuwa abin da ke fita baƙi ƙirin kamar gawayin maƙera. Na ce madalla, magani ya kama. Tol bai fasa yanka ni ba, amma na lura kamar yankan bai kai zurfin na da ba.

Ita kuwa Saude sai ta fara dusashewa. Ta ɗan yi daka kaɗan sai ta zauna tana haki. Ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta. Ga cin farar ƙasa, a ɓoye a ƙullin zane. Na gani da idona, na ce halin ciki ne, kowace mace haka take yi. Ni da na iya hango wuƙar da ba a ɗauko ba tana lanƙwashewa, na kasa ganin matata tana ƙarewa a gabana.

Da cikin ya shiga wata bakwai ta tafi goyon ciki wurin mahaifiyarta a Sassumbrum. Inna, surukata ke nan, mace ce da ba ta da yawan magana. Shekara biyu da aurenmu ban taɓa kallon tsakar idonta ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba. Daga nesa nake cire takalmi in durƙusa in gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Kwana tara da zuwan Saude, ina tsakar walda da hantsi aka kira ni a waya: ta faɗi a bakin randa. Inna ta ja fatar idonta ta ga fari fat, ta kai ta wurin manjo, mai duba marasa lafiya a asibitin garin, shi kuma ya ce a wuce da ita Magarya.

Ban san yadda na tuƙa babur na isa ba. Na tarar da ita a gado a ɗakin mata, leɓɓanta sun yi fari, Inna na zaune a gefe a kan tabarma. An riga an ɗebi jininta an kai labo, inda suke aunawa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi gaisuwa, na raɓe. Ɗakin cike yake da mata masu jinya da masu dubiya.

Can sai ga likita, wani dattijo mai tabarau, da takarda a hannu. Ya tambaya ina mijin, na miƙe.

"Jinin matarka ya yi ƙasa ƙwarai," in ji shi. "Mun kuma auna ƙarfen da ke jikinta. Kusan babu."

Jama'a, kun san abin da na ce?

"Alhamdu lillahi!"

Da ƙarfi na faɗa, har da shafa fuska. Likita ya sauke tabarau. Ni kuwa na ga ranar da Inna za ta san irin surukin da Allah ya ba ta ta zo, sai na ɗan karkata wajenta don ta ji da kyau.

"Ai ni na hana, likita. Ko yanzu kuka so yi mata aiki, wuƙa za ta shiga lafiya lau. Ko ƙwaya ɗaya ba ta sha ba."

"Wace ƙwaya?"

"Ta maganin ƙarfen nan da ake ba su a awo. Fer," na ƙara, don ya san da wa yake magana.

Matan ɗakin duk suka juyo suna kallona.

"Ina ƙwayoyin suke?" in ji likita a hankali.

"Na shanye."

"Duka?"

"Wata huɗu dai ban yi fashi ba."

Wata tsohuwa ce ta fara dariya, wadda ke jinyar 'yarta a gadon ƙarshe. Ta toshe baki da mayafi, abin ya ƙi toshuwa. Daga nan ɗaki ya ɗauka. Har wadda aka yi wa aiki jiya tana riƙe da ciki tana cewa a bari don Allah, ɗinki zai farke. Ni ina tsaye ina murmushi, don a lokacin ban gama gane da wa ake ba.

Likita bai yi dariya ba, kuma shi ya fi ciwo. Ya ce mini ƙarfen da suke nufi ba na maƙera ba ne. Wani sinadari ne ɗan mitsitsi da jiki ke samu daga abinci, irin su hanta da nama da wake da zogale, kuma da shi jiki ke ƙera jini. Mai ciki tana ƙera na mutum biyu, shi ya sa ake ƙara mata. "Abin da ka shanye," in ji shi, "rabon matarka ne da na abin da ke cikinta. Da an ƙara mako biyu a haka, da wata maganar muke yi."

Murmushin ya bushe a fuskata. Na kalli Saude. Da ƙyar take buɗe ido, amma sai da ta ce, "Likita, ku yi masa haƙuri. Tsoro ya ji kada a cuce ni." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka ce za a ƙara mata jini daga ajiyarsu, amma sai dangi sun ba da wani a madadinsa. Na ce ga ni, kafin a rufe baki. Aka kai ni labo, wani mai farar riga ya ce sai an fara auna nawa. Ko da sakamako ya fito likita ya duba, a nan ne ya yi 'yar dariyarsa ta farko. Ya ce jinina cike yake taf, ƙarfe kuwa har ya fi abin da nake bukata, kuma in kiyaye, don wanda ya dinga sha babu dalili taruwa yake yi a hanta ya zama ciwo. Wato gida ɗaya, tukunya ɗaya, ɗaya ya ƙoshi har ya yi yawa, ɗaya ta kusa tafiya.

Kuna tsammanin na daddara? Saura ƙiris na girman kai. Da mai farar riga ya ɗauko babbar allurar ɗibar jini, sai na rage murya na ce, "Maigida, ka bi a hankali, ba lalle ta shiga ba. Na ƙwayoyin dai na ji, amma akwai na kakana, shi na gaskiya ne." (Ƙaramar allurar awo ta riga ta shiga ɗazu, amma na ce wannan ai ba ta kai a kira ta ƙarfe ba.)

Ya ce to. Ya soka. Ta shige kamar a dafaffiyar kabewa.

Sai na ji murya daga bakin ƙofa. Ashe Inna ta biyo mu, tana tsaye tana kallon bango kamar kullum. Ba da ni take ba, da mai farar riga take.

"Ɗana, ka cika ledar da kyau. Na 'yata ne, ajiya aka ba shi."

Na runtse ido har aka gama. Kuskuren da na yi shi ne buɗewa. Na ga ledar ta kumbura, jawur, ɗumi na tashi, na ce duk wannan daga jikina? Iyakar abin da na sani ke nan. Na farfaɗo a ƙasa, ƙafafuna a kan kujera, hulata a can ƙarƙashin tebur, ga wata tana yi mini fifita da gefen mayafi. Na ɗaga ido. Ranar na fara ganin fuskar surukata sosai, daga ƙasa. Ta miƙo mini kwanon fura ta ce, "Sha, jikan maƙera." Na sha a gabanta, har da kurɓar ƙarshe.

Da la'asar na zauna kusa da gadon Saude ina kallon jini na ɗiga yana shiga hannunta. Hannun sanyi ƙalau. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zaman ba, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi. Kafin kwana uku leɓɓanta sun fara ja. Bayan wata biyu ta haifi 'ya mace lafiya, ko reza ba a ɗauko mata ba sai ta yanke cibi.

Labari kuwa ya riga ni isa Dungas. Har yau 'yan kabu-kabu in za su wuce gaban shagona sai su yi oda su ce, "Mushe Fer, an sha na yau?" Ina ɗaga musu hannu, me zan ce. Madam mai awo ma ta canja tambaya, yanzu ba ta cewa "Ana sha?" sai dai "Wa ke sha?"

Abin da na koya shi ne, wanda bai san komai ba yakan yi tambaya, mai kalma ɗaya irina shi ne abin tsoro. Yanzu Saude na da ciki na biyu. Kowace safiya ni ke ɓallo ƙwayar in miƙa mata da ruwa, in tsaya sai ta haɗiye. Ita kuma kafin ta karɓa sai ta ce in buɗe bakina ta gani.