Jikan Mafarauci da Yakuwar Hajiya

Da maƙwabciyarmu a McLeansville, wata tsohuwar Baturiya, za ta tafi jinyar ƙanwarta, ni na kai kaina na ce zan kula mata da karenta. Irin karen nan ne da ake kira teriya, tsayinsa iya gwiwata, ga gemu kamar bunsuru.

Ta ja mini kunne: a fita da shi yawo safe da yamma, kada a bar shi shi kaɗai, don irinsu ba sa zama, tono ne sana'arsu.

Na ce wa matata, "Hajiya, kakana da karnuka yake farauta. Wannan ɗan abin ne zai gagare ni?"

Ta ce, "Ni dai Alhaji, a kiyaye mini yakuwata." Daga Kano aka kawo mata irin, ta shuka a lambun bayan gidanmu, ƙawayenta duk sun sa rai.

Ranar Juma'a na ga yawo ɓata lokaci ne. Na sake shi cikin shingenmu, na zare ido na ce, "Zauna!" Da Hausa fa. Ya kuwa zauna. Na tafi masallaci ina hura hanci.

Da na dawo, lambun ya koma ramuka. Ashe kurege ya hango. Ga shi tsaye yana kaɗa wutsiya, jar ƙasa har gemu.

Hajiya hoto kawai ta ɗauka ta tura wa ƙawayenta.

Har yau a masallaci "Sarkin Dawa" ake kirana. A gida kuwa, in ta zuba mini miya ba yakuwa sai ta ce, "Ci da haƙuri, jikan mafarauci. Yaronka ya riga ka."