Soson Katifa a Cikin Mashin Ɗin Malam

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na tsaya a bakin titin Sharaɗa cikin leshina na fita unguwa, maza sun fi goma sun zuba min ido, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Ni da ko a gida sai an ce in maimaita magana saboda sanyin murya, ranar sai da na yi shela.

Maigidana, Malam Habu, a wani kamfanin fata yake aiki a Challawa, mu kuma muna zaune a Ɗorayi. Ƙarfe bakwai ake rufe get. Mashin ɗinsa shi ne ƙafarsa, kuma yana ji da shi. (Ban taɓa ganin ya goge takalminsa ba, amma mashin kullum sai ya sha tsumma.)

Wata Lahadi ya kwance wani ɗan akwati a gefen mashin, ya zaro wani baƙin soso, ya wanke, ya shanya a kan katanga, ya fita majalisa. Ni kuma tuwo ya kama min a tukunya, soson wanke-wankena ya mutu. Ina ɗaga kai sai ga soso a katanga. Wallahi na ɗauka yara ne suka tsinto. Na haɗa shi da toka na dirje tukunya biyu, kafin in kai ta uku ya dagargaje.

Sai bayan la'asar na jiyo Malam a ƙofar gida yana yi wa maƙwabcinmu bayani, wai ya wanke soson iska, ta nan mashin yake numfashi, soson ne ke tace masa ƙura. Nan na gane ɓarnar da na yi.

Da na faɗa masa a lokacin, da an yi faɗan minti biyar an wuce wurin. Sai na tuna malamarmu ta makarantar yaƙi da jahilci, da take yawan ce mana mace mai ilimi ba ta rasa dabara. (Allah Ya sani ba irin wannan take nufi ba.) Na ɗauki wuƙa na yanko kusurwar katifar autarmu Ummi, na daidaita da almakashi, na shafe shi da baƙin gindin tukunya, na mayar kan katanga. Har na ƙara masa kauri, a ganina alheri na yi wa mashin.

Malam ya dawo ya jujjuya shi, ya ce, "Ikon Allah, ji yadda ya kumbura. Ashe datti ne ya tsotse shi." Ya ɗiga masa baƙin mai, ya danna shi da ƙarfi, har da sa gwiwa wajen rufe murfin. Na ce, "Sannu da aiki, Malam."

Daga ranar mashin ya koma shan mai kamar rami. Man da yake kai shi kwana uku ya daina kai kwana biyu. Salansa tana fitar da baƙin hayaƙi, in ya murɗa sai mashin ya yi ta tari kafin ya tashi. Aka canza fulogi, kwana biyu ya yi baƙi ƙirin. Aka wanke kafireto. Mai faci ya ƙara wa tayoyi iska. Aka duba tiyon mai ko yana yoyo. Malam ya yi faɗa da ɗan bumburutun bakin layinmu, wai yana surka masa fetur da kananzir. Duk bakaniken da ya kai hannu wajen akwatin nan kuma sai ya dakatar da shi: "Bar nan, ni na wanke shi da hannuna."

Da farko har ga Allah ban kawo a raina cewa sosona ne ba. Amma da aka kwana goma, jikina ya fara ba ni. Sau biyu mai yana ƙare masa a hanyar Panshekara, ya tura mashin ya isa an rufe get. Ranar Alhamis ya dawo ko abinci bai kalla ba, ya ce oga ya gaya masa in ya sake makara sau ɗaya, ya ajiye musu katinsu. Shekararsa tara a wurin, kuma ba mu da wata hanyar abinci.

Na tattaro ƙarfin hali na ce, "Malam, dama akwai wata magana..." Ya ce, "Maman Ummi, duk wanda ya yi wa mashin ɗin nan hannu, ni da shi sai a gaban Allah." Na ce, "A dai riƙa yafiya, Malam." Na kwashe kwanuka na bar wurin.

Ranar Asabar matar wani abokin aikinsa take suna a Sharaɗa, ya ce in shirya ya sauke ni. Na hau baya ina ta bitar yadda zan faɗa masa. Muna wuce layin kamfanoni mashin ya yi tari biyu ya mutu. Ya tura, ina binsa a baya da kwanon barka a hannu, har gindin wata bishiyar darbejiya inda wani dattijon bakanike yake, Baba Istifanus, mutumin Filato. Abokan aikin Malam da suka taho sunan suka gan mu, suka yi ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya, kowa da shawararsa. Wani ya ce zoben fistan ne, wani ya ce a sauke inji, wani ya ce a sayar kawai.

Baba Istifanus ya tsuguna gaban mashin. Ya zare fulogi ya kalla, ya ce, "Mashin ɗin nan an shaƙe shi. Iska ba ta isarsa, shi ya sa yake zuƙar mai a madadinta." Ya kai sukundireba wajen akwatin.

"Bar nan, Baba, ni na wanke..."

"Malam Habu, kai ne bakaniken ko ni?"

Da filaya aka zaro soson. Baba ya matsa shi, hannunsa ya yi baƙi, tsakiyar soson ta fito ruwan hoda. Ya kai hanci ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya ce, "Shekara talatin ina wannan aiki, yau na fara ganin mashin mai fitsarin kwance."

Wurin ya kece da dariya. Ni na ja mayafi na rufe rabin fuska. Malam kuwa ransa ya ɓaci, ya ce wanda ya sayar masa da soson bara ne ya cuce shi, yanzun nan zai je ya ci masa mutunci a gaban shagonsa. Abokai biyu har sun tayar da mashinansu za su raka shi. Bawan Allah yana can bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na ce, "Malam, ni ce."

Ba wanda ya ji. Na ƙara, "Ni ce, Malam."

Baba Istifanus ya kama kunnensa ya ce, "Uwargida, ɗaga murya, injin ya cinye min kunne."

Na rufe ido na ce da iyakar ƙarfina, "Ni ce na wanke tukunya da na ainihin, na yanko wannan a katifar Ummi!"

Mai rake da ke gefe ya tsaya da wuƙa a hannu. Malam ya dube ni, ya dubi soson, ya ce a hankali, "Ashe ba ɓera ba ne ya ci katifar." Wani a cikin abokan ya tsuguna ya riƙe ciki. Baba kuma ya ɗaga soson sama yana nuna wa jama'a, yana cewa, "Amma fa ku dubi yankan, ko a kamfani sai haka. Uwargida, in kina neman aiki, ga benci."

Aka sa sabon soso, bugu ɗaya mashin ya tashi, hayaƙin ya ɗauke. Muka hau muka ƙarasa gidan suna. Sai da na sauka ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "To tukunyar dai ta fita?" Na ce, "Ta fita fes, Malam." Na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya, ya ja mashin ya tafi. Kafin in gama gaisawa da mai jego labari ya riga ni shiga, mata suna cewa a ba Injiniya tabarma.

Ranar Litinin bakwai saura kwata ya shiga get, kuma har yau yana wurin. Sunan Injiniya ma har yau yana nan. Ni dai na gane cewa shirun da ake yaba min da shi ba kullum ne yake haƙuri ba, wani lokacin tsoro ne kawai. Maganar da na ƙi faɗa a hankali a tsakar gidana, sai da na faɗe ta da ihu a bakin titi.