Yadda Jikan Sarkin Dawa Ya Kai Kyanwa Rigakafi

Da sunan Wanda ya halicci zaki ya ba shi daji, ya halicci kyanwa ya ba ta ƙarƙashin gado. Wannan tarihin Malam Nomau ne, ɗan Jatau mai baka bakwai, jikan Sarkin Dawa Tunau, wanda ya taɓa kama kura da hannu ya sake ta don ya ga ta rame. Gidan maharba ne tun kaka da kakanni, sai dai a zamanin Malam Nomau daji ya ƙare, shi ya sa sadaukin yake sayar da busasshen kifi a kasuwar Malumfashi.

Dabba ɗaya ce ta rage a ƙarƙashin mulkinsa, wata farar kyanwa mai suna 'Yar Lele, wadda marigayiya matarsa Ladidi ta bar masa. Shekara bakwai ba ta taɓa tsallake zaure ba. Da ita yake hira, da ita yake raba kan kifi.

Ana nan sai takardar yaƙi ta iso daga bakin Hajiya Tabawa, mai gidan da yake haya. 'Yarta ma'aikaciyar asibiti za ta zo wankan jego ranar Juma'a da jariri, kuma ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da kyanwar da ba a yi wa rigakafi ba. Malam Nomau ya kafa hujja cewa wadda ba ta fita ina za ta gamu da cuta. Hajiya ta ce ai cuta ba ta sallama, a takalmi ma shigowa take yi.

"Kati kafin Juma'a, Malam, ko kuwa buhu da bakin gari."

Ranar Laraba da hantsi barde ya yi shirin mujahada. Ya ɗaura warkin kakansa, ya saka rigar layu mai warin kafur, ya zura safar ƙafa a hannu biyu, ya ɗauki murfin tukunya garkuwa, ya saɓa tsohon buhun kifi a kafaɗa, ya tsaya a ƙofar ɗakinsa ya yi kirari har kajin maƙwabta suka watse.

"Sai ni Nomau jikan Tunau, guguwa mai shiga ɗaki ba izini!"

Abokiyar gaba, mai kwanciyar ɗaukar rai, ta buɗe ido ɗaya ta rufe.

Masu tarihi sun ƙidaya gwabzawa uku. A Yaƙin Ƙarƙashin Gado, sadauki ya kutsa da rarrafe cikin duhu da yanar gizo, ya fito da tsohon takalmin da ya ɓata tun bara da yakushi huɗu a goshi. A Yaƙin Kan Durowa, ya hau kujera ya miƙa hannu, sai jeren kwanukan marigayiya suka zubo masa ɗaya bayan ɗaya da ƙara irin ta tambura, har Hajiya ta leƙo ta taga ta tambaya ko biki ake yi. A Yaƙin Bayan Randa kuwa, randa ce ta yi shahada, ruwa ya malale ɗaki, garkuwa ta gangara tsakar gida, jikan Sarkin Dawa ya zauna daɓas a cikin taɓo yana haki, da cizo a babban yatsa.

A nan ne nasara ta sauko daga inda ba a zata ba. 'Yar Lele ta shinshina buhun da ya yar, ta ji ƙanshin kifi, ta shige da ƙafarta ta kwanta.

Ya ɗaure bakin buhu, ya hau acaɓa yana ɗaga wa mutane hannu kamar mai dawowa da ganima. A asibitin dabbobi ya ratsa layin raguna da awaki, ya gargaɗi jama'a su ja da baya, domin abin da ke cikin buhun nan ba ya jin magana. Likitar wata 'yar siririyar yarinya ce. Ta kwance buhu, ta sosa wa dodon haɓa, dodon ya lumshe ido yana gurnani. Malam Nomau ya tambaya yaushe za a fara, ta ce ai an gama.

Sannan ta dubi hannunsa ta ƙirga raunuka.

"Baba, ta cije ka tun ba a yi mata ba. Ka tsallaka asibitin mutane su yi maka taka, ka kawo mini takardarsu, sai in ba ka katinta."

To, akwai sirrin da ba a sa shi a kirari. Zuriyar Tunau ba ta tsoron kura, ba ta tsoron maciji, amma Nomau tun ranar da masu lamba, 'yan allurar rigakafi, suka zo makarantarsu ya ɓuya a rumbu bai sake yarda allura ta kusance shi ba. Ya dubi ƙofa, ya ga hanya a buɗe. Ya dubi 'Yar Lele tana lasar ƙafa, ya tuna yadda Ladidi take ɗora ta a cinya tana tsince shinkafa. Sai ya gyara warki ya tsallaka titi.

Mutum uku suka riƙe shi. An ce ihun da ya yi sai da shanun da ke kwance a wancan asibitin suka miƙe tsaye.

Da la'asar mai nasara ya shigo gida yana ɗingishi, buhu a kafaɗa, kati a sama kamar tuta. Hajiya Tabawa ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta ce ba ta ga tabaronta ba, amma madalla, kyanwa ta zauna. Ta yi fifita da shi sau biyu ta miƙa masa.

Ranar Juma'a maijego ta iso. Da jariri ya tsala kukan farko, 'Yar Lele ta shige ƙarƙashin gado, ba ta ƙara leƙo tsakar gida ba sai da aka yi arba'in. Maijego ta koma gidanta ba ta ga ko wutsiyarta ba, katin ma ba ta tambaya ba.