Alhaji Darniye-Firi Ba Ya Waiwaye

Duk wanda ya sauka Dubai da niyyar sayayya bai nemi Alhaji Habibou ba, sai dai mu yi masa jaje, don ya yi asarar kuɗin jirgi. Mutumin Maraɗi ne, shekararsa tara a garin nan, kuma a shekara taran nan ba a taɓa cutarsa a ciniki ba. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, wa kuwa ya fi shi sanin kansa? 'Yan uwansa na Nijar suna ce masa Alhaji Darniye-Firi, saboda ko ruwan sanyi zai saya sai ya tambayi farashin ƙarshe da Faransanci. Shi ya ɗauka sarauta aka naɗa shi, har ya sa aka buga masa sunan a kati da ruwan zinare.

Kallo ɗaya za ka yi masa ka san ka haɗu da babba. Farar doguwar riga irin ta Larabawa, jan rawani a ka, carbi a hannun dama, wayoyi biyu a na hagu, ɗaya ma tana aiki. Yana da fulat a Abu Hail, wato gadon sama a ɗakin mutum shida. Yana da ofis a Ras Al Khor, wato bencin ƙofar shagon wani mai sayar da kayan gyaran mota, inda yake zama har a samu wanda za a raka. Larabcinsa kalma huɗu ne, yalla, khalas, habibi da shwayya, amma yadda yake jujjuya su sai ka rantse alƙali ne. Ya kuma san Istanbul ciki da bai, domin ya taɓa yin awa biyar a filin jirginta yana jiran canji.

Sai dai duk wannan ado ne. Asalin baiwar da Allah ya yi wa Alhaji ita ce tafiya.

"Ku yara ba ku san ciniki ba," haka yake gaya wa abokan ɗakinsa, waɗanda biyu daga cikinsu sun girme shi. "Ku kuna tsayawa kuna roƙo. Ni in na taya, aka ce albarka, bon, sai in juya baya in kama hanya. Ba na waiwaye. Taku bakwai, wallahi ba ya kai takwas, mai kaya zai biyo ni yana habibi, habibi. Ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya iya jure ganin ƙeyata ba."

Ana nan sai Hajiya Balki ta sauka. Duk Maraɗi an san ta, ita ke kawo kayan ɗakin amare, kwantena guda duk wata biyu. Wakilinta na Dubai, wanda yake saya mata kaya ya loda, ya tsufa ya koma gida, ta zo da kanta neman wani. Da labari ya kai wa Alhaji Habibou, sai da ya sauko daga gadon saman ya zauna a ƙasa. In ya samu wakilcin nan, ya rabu da benci ke nan, ya kama ɗaki nasa shi kaɗai, ya ɗauko matarsa Hannatou, wadda take ganinsa sau ɗaya a shekara biyu. A nan kam babu wasa, Alhaji yana son abin nan har cikin ransa, kuma yana tsoron ya kuɓuce masa. Ya goge rigarsa sau biyu, ya je masaukinta tun da hantsi.

Hajiya gajeriyar mace ce mai ƙarancin magana, tana tafe tana dafa gwiwa. Ta dube shi daga rawani har takalmi, ta ce, "To, Habibou, mu je in ga aikinka."

Suka fara da tsohuwar kasuwar Deira, inda lunguna suke cike da ƙanshin turaren wuta da hayaniyar masu tura kaya. Nan ne gidan Alhaji. Suka shiga shagon wani Ba'indiye mai mayafai, Alhaji ya ɗaga mayafi ɗaya da yatsa biyu, ya yamutsa fuska, ya kushe saƙar, ya kushe launin, ya kushe har fankar shagon. Mai kaya ya faɗi kuɗi, Alhaji ya taya rabi, mai kaya ya dafe ƙirji. Sai Alhaji ya ce khalas, wato shi ke nan, ya juya.

A taku na shida Ba'indiye ya fito da gudu ya riƙo hannun rigarsa. Gaskiya ne mutumin nan haka yake riƙo duk wanda ya gifta ta ƙofarsa, har da waɗanda suka zo neman masallaci, amma wannan ba ya rage wa Alhaji komai. Aka daidaita, aka ɗaure mayafai dozin uku.

"Kin gani, Hajiya?" in ji shi, yana gyara rawani.

"Na gani," in ji Hajiya. "Bara ma haka na saye su, ni ɗai."

Alhaji ya ji daɗin wannan shaida ƙwarai. Shekara guda cur, komai ya tashi a duniya, amma shi ya riƙe farashi a inda yake.

Bayan azahar Hajiya ta fito da wayarta ta nuna masa hoto. Saitin shimfiɗar gado ne da labulensa, ɗan Turkiyya, ruwan zuma da aikin zare a gefe. Wata babbar mai sayen kayanta ce ta ce lallai shi take so a ɗakin 'yarta, jere kuma ranar Juma'a ne. Hajiya ta riga ta ce mata an gama, jirginta kuma gobe da safe. An ce wa Hajiya ba a samunsa sai a wani shagon kayan Turkiyya a cikin babban mol, katafaren ginin nan mai shaguna.

"Kayan Turkiyya?" Alhaji ya yi dariya. "Hajiya, kin zo gida."

Mol ɗin irin wanda ƙasansa ke ɗaukar ido ne, sanyi ko'ina, babu mai kiran kowa. Alhaji ya shiga gaba yana gaida masu gadi da hannu kamar shi ya ɗauke su aiki. Suka sami shagon a hawa na biyu. Wata budurwa mai ɗankwali da rigar aiki ta taro su, ta ji suna Hausa sai fuskarta ta washe. Sunanta Nafisatu, 'yar Zangon Kumasi ce, shekararta huɗu a shagon.

"Mma, sannu da zuwa," ta ce da Hajiya, ta jawo mata kujera. Ta dubi hoton sau ɗaya, ta je ta ɗauko saitin ta shimfiɗa a kan tebur. "Kun yi sa'a, shi kaɗai ya rage. Wani sai bayan sati shida."

Hajiya ta shafa zaren, idonta ya yi haske. Alhaji ya gani, ransa ya ɓaci, domin a iliminsa mai saye ba ya nuna yana so. Ya matsa gaba ya juya 'yar takardar da ke rataye, ya karanta kuɗin, ya yi wani tsaki mai tsawo.

"Yarinya, darniye firi?"

"Alaji, shi ne a jiki."

"Na ga na jiki. Na ciki nake tambaya."

"Babu na ciki, Alaji. Nan ba Deira ba ne. Kuɗin yana cikin kwamfuta, ko manaja ba ya iya taɓa shi."

Alhaji ya yi murmushin tausayi. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda har wata Balarabiya da ke duba matasan kai a gefe ta juyo.

"Ke, da wa kike magana? Ni na taka Istanbul da ƙafata. Irin wannan a can a ƙasa ake zuba shi, ana roƙon mutane su ɗauka. Dubi ɗinkin, dubi bakin labulen. Don dai Hajiya ta nace ne. Bon, na ba ki rabi, shi ma don ke 'yar gida ce."

"Alaji, ko dirhami ɗaya ba zan iya cirewa ba," in ji Nafisatu. Ta rage murya ta dubi Hajiya. "Mma, matar can tun jiya take zagayen saitin nan."

Tsohuwar dabara! Alhaji ya san ta tun yana yaro a kasuwar Maraɗi: kullum kaya shi kaɗai ya rage, kullum akwai wani mai so. Lokacin babban makami ya yi. Ya sunkuya ya raɗa wa Hajiya, "Tashi ki biyo ni. Kome kika ji, kada ki waiwaya." Ya ce khalas da ƙarfi, ya juya, ya fita.

Taku bakwai, shiru. Alhaji bai damu ba, shagon babba ne, sai an ƙara wa yarinya lokaci. Taku ashirin, ya wuce mai agogo. Taku hamsin, ya wuce mai askirim. Yana jin takun silifa a bayansa, sai ya riƙa ba Hajiya haƙuri ta gefen baki, ba tare da ya juya ba.

"Shwayya, shwayya, Hajiya. Yanzu tana gaya wa manaja. Yanzu manaja yana zaginta. Ki daure."

Silifan nan na wani Bafilifine ne mai goge ƙasa, wanda bai san me ake ce masa ba, ya dai ga mutumin kirki yana magana shi kaɗai.

Da ya kai wajen maɓuɓɓugar ruwan da ke tsakiyar mol ɗin, tafiyar ta fara yi masa nauyi. Ya rage sauri. Ya tsaya ya duba wayar da ba ta aiki. Wuyansa yana ƙaiƙayin juyawa, ya hana shi, domin shekara tara bai taɓa ba. A karo na farko wani abu ya taɓa zuciyarsa: in fa yarinyar nan gaskiya ta faɗa? Ya tuna Hannatou, ya tuna gadon sama. Amma ya ci gaba, ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

"Alaji! Alaji!"

Allahu akbar. Alhaji ya lumshe ido, sanyi ya ratsa shi har ƙafa. Har mol ma! Har kwamfuta! Ya bari ta kira sau uku, don ta san darajar wanda take kira, sannan ya juyo a hankali, ya haɗa hannu a baya.

Nafisatu ce, tana haki. Babu Hajiya, babu alamarta.

"To, yarinya, kun sauko ke nan?"

"A'a, Alaji. Mma ne ya ce ka zo ka ɗauki kaya."

Ya koma shagon ya sami Hajiya zaune a kujerar da ya bar ta, da ɗan kofin shayi a hannu, saitin a naɗe cikin babbar jaka a gabanta. Ko motsawa ba ta yi ba. Yana fita Balarabiyar ta miƙo hannu, Hajiya ta ɗora nata a kai, ta biya kuɗin da ke jiki. A ɗan lokacin da Alhaji yake yawon ƙeya, Nafisatu ta gaya mata inda ma'ajiyar masu kawo kayan take, da ranar da suke sayar da sari, da kuma cewa yayanta yana aikin lodin kwantena a Al Khabaisi. Har sun karɓi lambar juna.

"Hajiya, kin yi gaggawa," in ji Alhaji. "Da kin ƙara taku goma kawai..."

"Da na koma Maraɗi da kunya," in ji Hajiya. Ta ajiye kofin, ta dafa gwiwa ta miƙe. "Habibou, ka iya tafiya, Allah ya sani, ban taɓa ganin mai tafiya kamarka ba. Amma ni wanda ka tsayawa wurin kayana nike biɗa. Na samu. Ɗauki, ɗana, ka yi a hankali da labulen."

Jakar ta fi ƙarfin hannu ɗaya, wayoyi da carbi kuma sun cinye ɗayan. Alhaji Darniye-Firi ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗora ta a kan jan rawaninsa. Nafisatu ta nemi izinin minti biyar don ta raka Mma bakin tasi. Ya shiga gaba, su biyu suna biye da shi suna tsara kwantenar watan gobe, da Hausar da babu kalma ɗaya da ta wuce shi.