Farfesa Fenti da Adakar Ya Kaka

Duk garin da Allah ya so da rahama sai ya ba shi mutum irin Malam Halliru, kuma Roni ta dace. Ga ilimi, ga wayewa, ga tumbi daidai misali. Tun da ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma bai zauna zaman kashe wando a dakali kamar sauran tsofaffi ba. Waya ya riƙe, a ciki ya ga wata baturiya tana shafe tsohuwar kujera da fenti tana murmushi. Shi ke nan, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Washegari ya hau acaɓa zuwa Kazaure, ya dawo da gwangwanaye da burushi da sabon suna. 'Yan majalisa ne suka laƙaba masa Farfesa Fenti don tsiya, shi kuwa ya amshe da hannu biyu.

Da kujerarsa ta zaure ya fara. Ya yi mata kore, ya zauna a kai kafin ta bushe, ya yini yana yawo a kasuwa da taswirarta a bayan riga. Daga nan ya dira kan kabad ɗin matarsa Zara, da bencin tsakar gida, da kujerar tsugunno. Saboda tsabar basira yakan tsinka fentin da kalanzir don ya yi auki. Ranar da ya shafe turmi ciki da waje, gidan sun sha fura shuɗiya.

"Matsalar mutanenmu," in ji shi a majalisa, yana kaɗa burushi kamar sandar mulki, "ita ce rashin sanin darajar launi. Ƙasashen da suka ci gaba, da fenti suka ci gaba. Ni ba sana'a nake yi ba, hidima ce ga al'umma."

Al'umma kuwa ta gode ƙwarai. In an hango shi ya doso da gwangwani, sai ka ga mata suna jan kujeru zuwa ƙuryar ɗaki, mai shayi ya haye bencinsa ya kwanta ya ce bayansa ke ciwo. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ai ba sai an ce ya nemi ruwa ba.

Abu ɗaya ne ya tsone wa Farfesa ido: adakar surukarsa, Ya Kaka, mahaifiyar Zara. Tsohon akwatin katako ne baƙi wuluk, wanda ta taho da shi daga Barno tun tana amarya. A cikinsa take tsima turaren wuta da humra, har katakon kansa ya sha ƙamshi ya ƙoshi. Duk amaryar da aka kai da turaren Ya Kaka, dangin ango sukan yi wata suna zancen ɗakinta. Bana kuwa jikarta ce za a kai, Zulaikha, 'yar Farfesa ta fari. Tun kafin damina tsohuwa ta haɗa mata nata, ta jera a tasoshi ta rufe, don yarinyar ta shiga gidan miji a Kazaure da kanta a sama.

Farfesa ya je gaisuwa, ya cire takalmi ya tsuguna daga bakin ƙofa kamar yadda suruki yake yi, ya ce yana da niyyar raya wasu kayan tarihi na wannan gida. Ya Kaka daga bayan labule ta ce, "Allah ya yi albarka." Abin da takan ce masa ke nan ko me ya faɗa, domin suruka ba ta jan zance da mijin 'yarta, balle ta ce masa a'a. Kowane yaro a Roni ya san wannan. Farfesa kaɗai ya ji an ba shi kwangila.

Zara ta roƙe shi. "Malam, don girman Allah ka bar wa Ya Kaka akwatinta."

"Ke ba ki san aikin ba-zata ba," ya ce. "Sai ta yi kukan daɗi."

Ana saura mako guda biki, tsohuwa ta tafi Ɓaɓura ta'aziyya. Farfesa ya shiga da bisimilla. Ya fito da tasoshi, ya kankare baƙin nan da ya kira dattin jahiliyya, ya zuba wa adaka fenti ruwan hoda har ciki, shafi biyu, da kalanzir wadatacce. Ya zana fure a murfi, ya sa sunansa a ƙasa. Da yake mutum ne mai tsari, sai ya mayar da tasoshin yadda ya same su tun fentin yana danshi, ya rufe ruf don kada ƙura ta ɓata masa aiki.

Da Ya Kaka ta dawo ta ɗaga murfin, zama ta yi a ƙasa. Wallahi abin da ban tausayi, domin ƙamshin nan na mahaifiyarta ne, shi kaɗai ya rage mata daga gida. Ta shanya turaren a rana, ta ƙara masa abin da ya sawwaƙa, tana fatan wuta za ta kori sauran. Lokacin haɗa sabo ya riga ya wuce.

Ranar kai amarya dangin ango suka cika ɗaki, kowa ya baza hanci, an ce jikar Barebari ce. Aka zuba turaren a kasko. Hayaƙi ya tashi, ɗaki ya koma garejin masu gyaran babur. Wata gwaggon ango ta sarƙe da tari, wata ta fita duba ko risho ne ya kama. Zulaikha ta yi kuka a cikin mayafi, kuma ba irin kukan da amare suka saba ba ne.

Da aka kai wa Farfesa labarin mata sun fito suna share hawaye, ya gyaɗa kai. Ya ce aikin gwani haka yake taɓa zuciya.

Da safe ya sa babbar riga ya nufi gidan suruka karɓar godiya, da ragowar fenti a hannu, don ya lura gadonta ma ya koɗe. Ya tarar da tsakar gida cike da 'yan biki. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya yi gaisuwa, ya ɗan ƙara murya don kowa ya shaida.

Ya Kaka ba ta karya al'ada ba. Ba ta kira sunansa ba, ba ta ko dubi inda yake ba. 'Yarta ta kira, da muryar da ta kai har zaure.

"Zara, ga wasiyyata, ki riƙe a gaban jama'a. Ran da na cika, ku yi sauri ku kai ni kafin mai gidanki ya ji. In kuwa ya riga ya ji, a sa mutum ya tsare makara. Ba zan je gaban Ubangijina ina warin kalanzir ba."